Sharhi a Kan Sashen Grammar Patterns na Shafin Collins: Yadda Kalmar Turanci Ke Zaɓen Abokan Tafiyarta

Wani ɗalibi mai ƙoƙari ya taɓa miƙo mini takardar da ya rubuta da Turanci domin in duba masa, sai na ci karo da wannan jimla: "I suggest you to come early." Babu kalma ɗaya a cikinta da bai san ma'anarta ba, kuma babu wadda ya rubuta ba daidai ba, amma duk da haka jimlar ba ta zauna ba, domin aikatau "suggest" ba ya karɓar mutum sannan "to" ya biyo baya. Abin da yake karɓa shi ne "suggest that you come early" ko "suggest coming early". Da na gyara masa sai ya tambaye ni dalilin da ya sa "I advise you to come early" ta zama daidai alhali ma'anar kusan ɗaya ce. Wannan tambaya ce ta sa na daɗe ina komawa ga sashen Grammar Patterns da ke shafin ƙamus ɗin Collins a intanet, kuma a kansa nake son yin wannan sharhi.

Abin da sashen ya ƙunsa shi ne jerin zubin da kalmomin Turanci ke shiga, wato irin kalmomin da kan biyo bayan aikatau ko suna ko sifa a maganar yau da kullum. Mai jin Hausa bai kamata wannan tunani ya zame masa baƙo ba, tunda a harshenmu ma abin da ke biye da aikatau yana da iko a kansa. Mukan ce "na saya", "na sayi littafi", "na saye shi", kuma babu Bahaushen da zai ce "na sayi shi" sai kunnensa ya gaya masa an yi tuntuɓe. Bambancin kawai shi ne a Hausa sau da yawa ƙarshen aikatau ne ke sauyawa, a Turanci kuwa aikatau yana nan yadda yake, ɗan ƙaramin harafin da ke bin sa ko sifar kalmar da ke gaba ce ke ɗauke da nauyin.

Aikin yana da asali mai ƙarfi. A shekarar 1980 Farfesa John Sinclair ya jagoranci kafa shirin COBUILD a Jami'ar Birmingham da ke Ingila tare da haɗin gwiwar kamfanin Collins, inda aka tara rubuce-rubuce da maganganun Turanci na gaske a cikin kwamfuta domin a ga yadda mutane ke amfani da harshen, maimakon a dogara da abin da malamin nahawu yake zato. Ƙamus ɗin farko da ya fito daga wannan aiki ya bayyana a 1987. Daga baya Gill Francis da Susan Hunston da Elizabeth Manning suka tsara zubin aikatau a littafi guda a 1996, sannan na sunaye da sifofi a 1998, kuma wannan aikin ne tushen abin da ake gani yanzu a shafin. Tun kafin su, A. S. Hornby, wanda ya koyar da Turanci a Japan, ya kasa aikatan Turanci zuwa zubi 25 a ƙamus ɗinsa na masu koyo, sai dai shi lambobi ya ba su, dole mai karatu ya riƙa komawa baya yana neman abin da kowace lamba take nufi. A nan an sauƙaƙa wannan wahala, domin sunan zubin shi ne hotonsa: "V that" yana nufin aikatau da "that" ke bi, "V on n" kuma aikatau da "on" da suna ke bi, kamar "depend on" da "rely on".

Abin da ya fi burge ni, kuma wanda nake ganin shi ne ainihin darajar sashen, shi ne yadda aka kasa kalmomin kowane zubi gida-gida bisa ma'ana. Ɗauki zubin "V n into -ing" misali, wato aikatau da suna, sai "into", sai wani aikatau mai ƙarewa da "-ing". Idan ka buɗe shi za ka tarar da aikatai irin su "force", "bully", "trick", "frighten", "talk" da "coax", kuma da zarar ka jera su a gabanka sai ka lura cewa dukkansu magana ɗaya suke yi: sa mutum ya aikata abin da da farko bai yi niyya ba, ko dai ta hanyar tilastawa, ko yaudara, ko tsoratarwa, ko lallashi. Kalmar "talk" ita kaɗai magana ce kawai, amma da ta shiga wannan zubi a "She talked him into selling the car" sai ta koma shawo kan mutum da daɗin baki har ya sayar da motarsa. Ke nan zubin da kansa yana ɗauke da ma'ana, kuma kalmar da ta shiga cikinsa takan ɗauki launinsa. Wanda ya fahimci wannan ya huta da haddar kalmomi ɗaya bayan ɗaya, domin ko ya haɗu da aikatau da bai taɓa gani ba a cikin wannan zubi, zai iya hasashen inda maganar ta dosa. Haka kuma yake samun rabin amsar tambayar ɗalibin nan: "advise" yana tafiya da "tell" da "urge" da "encourage" a zubi ɗaya, duk masu nusar da mutum ne kai tsaye, shi kuwa "suggest" ba ya cikin wannan jerin, duk da kusancin ma'ana. Na ce rabin amsa domin harshe ba ya bin ƙa'ida ɗari bisa ɗari, kuma sashen bai yi iƙirarin haka ba, abin da ake faɗa a zahiri ya nuna.

Ɓangaren sunaye da sifofi ma yana da amfani, musamman ga mai rubutun aiki, wanda yake buƙatar sanin cewa "responsible for" alhakin abu ne, "responsible to" kuma shi ne wanda ake ƙarƙashinsa.

Sai dai akwai abubuwan da ya kamata mai shiga ya sani tun daga ƙofa. Tsarin yana farawa ne daga zubi zuwa kalma, alhali mai koyo yawanci kalma ce a hannunsa yana neman zubinta. Wanda yake kokwanto ko "explain me the reason" daidai ne, hanya mafi sauri gare shi ita ce ya fara duba "explain" a cikin ƙamus, ya ga cewa "explain the reason to me" ake cewa, sannan ya dawo nan ya ga sauran aikatan da ke da wannan hali. Haka nan gajerun alamomin suna ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san rabe-raben kalmomi, kuma duk bayanin da Turanci yake, saboda haka ɗan koyo na matakin farko zai ga jerin ya yi masa yawa. Jerin kalmomin kansa yakan haɗa waɗanda ake ji kullum da waɗanda sai a jarida ko littafi ake cin karo da su, kuma mai koyo ba koyaushe yake iya bambance su ba.

Babban giɓin da nake gani shi ne sashen yana nuna abin da ake faɗa ne, ba ya jan kunne a kan abin da ba a faɗa. Mai tunani da Hausa yakan ɗauko "tattauna a kan" ya mayar da ita "discuss about", ko ya ɗauko "ji daɗin yin" ya rubuta "enjoy to do" a maimakon "enjoy doing". Rashin ganin "discuss" a ƙarƙashin "V about n" shi ne kaɗai alamar da zai samu, kuma ba kowa ne ke lura da abin da babu shi ba. A nan malami ko littafin gyaran kurakurai ya fi shi amfani.

Saboda haka waɗanda nake ba shawarar su riƙe shi su ne malaman Turanci, da masu fassara, da ɗaliban da suka wuce matakin neman ma'anar kalma suka kai matakin neman jimlarsu ta zauna daram. Yadda nake amfani da shi kuwa shi ne in ɗauki zubi guda a zama ɗaya, in zaɓi aikatai biyar ko shida da na san ana amfani da su kullum, in gina jimla da kowanne a kan abin da ya shafi aikina, sannan in bi wani rubutu na Turanci ina ja wa wannan zubi layi duk inda ya fito. Ɗalibin nan ma haka na sa shi ya yi da "V n to-inf", wato zubin "advise you to come", kuma a takardarsa ta gaba "advise" da "suggest" kowanne ya zauna a inda ya dace.