Baahubali: fassarar Hausa, asalin Telugu da sabon haɗin 2025

Wanda ya san fim ɗin Indiya Baahubali ta fassarar Hausa kaɗai ya san labarin, amma kiɗan fim ɗin bai shiga kunnensa ba tukuna. Na tabbatar da haka ne da na sa wani mai tura fina-finai a wajen Ƙofar Ƙaura ya zuba min kala uku a memori: fassarar Hausa ta kashi na ɗaya da na biyu, waɗanda suka fito a 2015 da 2017, sai na asali cikin harshen Telugu na kudancin Indiya, sai kuma sabon haɗin da darakta S.S. Rajamouli ya fitar a 2025, inda ya dunƙule biyun suka zama fim ɗaya.

Fassarar Hausa ta yi abin a yaba mata. A gidanmu ita ce ta sa Hajiyarmu ta zauna har ƙarshe, tana ta sallallami lokacin da sarauniya Sivagami ta yanke wa Baahubali, ɗan da ta yi rainonsa, hukunci. Ba don fassarar ba, da tambayar nan da ta addabi jama'a shekara biyu, wato me ya sa Kattappa, amintaccen bawan gidan sarauta, ya kashe Baahubali, ba za ta shiga majalisun Katsina ba.

Damuwata da ita sauti ne. A kofin da aka tura min, da zarar mai fassara ya buɗe baki sai kiɗa ya nutse, yana rufewa ya dawo da ƙarfi, kamar ana murɗa kan rediyo ana sakewa. Dubi farkon fim ɗin. Sivagami ce da kibiya a baya, ta faɗa kogi, ruwa ya shanye ta, sai hannunta ɗaya a sama riƙe da jariri. A na Telugu, kiɗan M.M. Keeravani ne ke ɗauke da wurin gaba ɗaya, yana tasowa a hankali har sai tsigar jikinka ta tashi. A na Hausa kuwa, daidai nan aka cusa talla da lambar waya. Wallahi abin ya yi min ciwo. Mutumin da ya tsara wannan kiɗa shi ne ya ci kyautar Oscar a 2023, kuma a 2019 an nuna kashi na ɗaya a zauren Royal Albert Hall na Landan, makaɗa na buga kiɗan kai tsaye a gaban jama'a. Aiki irin wannan bai kamata a binne shi ƙarƙashin talla ba.

Haka ma wurin naɗin sarauta a kashi na biyu. Bhallaladeva, ɗan Sivagami na cikinta, aka naɗa, amma da Baahubali ya miƙe zai yi rantsuwar zama shugaban mayaƙa, sai jama'a suka ɗauki sunansa, sojoji na buga masu a ƙasa har kujerar sarki na rawa. Magana ba ta da yawa a wurin, sauti ne ke gaya maka wanda talakawan masarautar Mahishmati ke so. Sa abin sauraro a kunne ka kalle shi a na Telugu, za ka ji bambancin a ƙirjinka.

Sabon haɗin kuma, hoto tas, sauti tas. Fim ɗin da ya haura awa biyar an mayar da shi bai kai huɗu ba, don haka dole wuƙa ta ci wani abu. Soyayyar Shivudu, ɗan Baahubali, da Avantika aka fi yankewa, da wasu waƙoƙi. Soyayyar ban yi kewarta ba, dama can tana jan ƙafar labari. Waƙar daren da gimbiya Devasena, wadda Baahubali ya aura, ke rerawa a fadarsu ta Kuntala ce na so a bari, domin a nan ne ake ganin zuciyarta ta fara karkata, kuma rashinta ya sa auren nasu ya zo da sauri.

Da na koma shagon, mai turin ya ce, "Malam, ai kai kaɗai ka taɓa tambayar na Telugu." Na roƙe shi kada ya goge shi daga kwamfutarsa, na kuma tura masa ƙannena biyu da memorinsu.