Hot dog ko tsire: wanne za ki saya wa yara?

Tun da yarana suka ɗanɗana hot dog a bikin wata ƙawata ban huta ba, sai da na bi shagunan Bauchi ina karanta bayan leda.

Niƙaƙƙen nama ne da kitse, an cika shi da gishiri da sinadarin naitirait don ya daɗe, ya kuma riƙe jan launinsa. Sanda ɗaya kan ɗauki sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wajen miligiram 500, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai 2,000 a yini. Yaro kuwa biyu zai lanƙwame ya miƙo hannu. A 2015 masu binciken cutar kansa na hukumar suka sa sarrafaffen nama irin su hot dog cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji: giram 50 kullum na ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari.

Hot dog na kaza kitsensa da sauƙi, gishirin dai yana nan. Na tasha mai burodi kuwa fulawa kika saya.

Ni tsire nake bi. A gabanki mai nama zai yanka, ki ce ban da kitse, ya barbaɗa ƙuli da yaji, ya haɗa da albasa da tumatir. Ki tsaga burodi ki zuba, yara su washe baki. Inda ya ƙone baƙi dai ki cire, shi ma ba alheri ba ne.

In kuma dole sai hot dog, to ki buɗe ido. Na taɓa sayen leda biyu a wani shago wajen Wunti, ashe an ɗauke musu wuta, ya narke, suka sake daskarar da shi. Kwana biyu autana yana gudawa. Yanzu in na ga ƙanƙara ta taru cikin leda, ko jan ruwa ya kwanta a ƙasa, ajiyewa nake. Ki kankare takardar farashi da farce, wasu a kan ranar lalacewa suke manna ta. Ki nemi lambar NAFDAC da alamar halal, don na waje da yawa da naman alade ake haɗa su. In kin buɗe kika ji yauƙi a hannu, ki zubar. Wanda ya tsira kuma ki tafasa shi har sai ya yi tururi kafin ya shiga bakin yaro.