Kafin a sayi sabuwar uwar garke saboda soket ya ƙi ɗauruwa

Wani ƙanena da ke kula da kwamfutocin wani kamfanin rarraba kaya a Garki ya kira ni da sassafe. "Yaya, manhajar karɓar oda ta ƙi tashi, ga shi oga ya ce in kawo masa farashin sabuwar uwar garke, wato babban injin da manhajar ke kai, kafin azahar." Injin nasu IBM i ne, wanda tsofaffin hannu har yau suke kira AS/400, sunan da ya fito da shi a 1988. Na ce masa ya ajiye maganar farashi tukuna, ya karanto mini lambar kuskuren.

Manhajar da ke jiran kira daga wasu kwamfutoci sai ta buɗe soket, wato mahaɗar da take karɓar kira ta cikinta, sannan ta ɗaure shi a kan adireshi da lambar ƙofa (port) ta hanyar umarnin bind(). Kamar kama rumfa ne a kasuwar Wuse: in wani ya riga ka shimfiɗa kaya, sai haƙuri. Injin kuma ba ya ɓoye dalilin ƙi. A kan IBM i, 3420 na nufin akwai mai riƙe da ƙofar, 3421 na nufin adireshin da aka nema ba ya aiki a injin, 3401 kuwa ba ka da izini. Wannan lambar ce za ta nuna inda ya dace kuɗi ya tafi, in ma akwai bukatar kashe shi.

Hanya mafi araha ita ce ma'aikacinku ya duba da kansa. In 3420 ce, ya buga NETSTAT *CNN, ya nemo ƙofar, ya sa 8 a gabanta don ganin aikin da ya riƙe ta. Sau da yawa tsohon kwafin manhajar ne bai mutu ba, ko an tayar da ita sau biyu. In babu mai sauraro a ƙofar amma ana ganin haɗi a matsayin TIME-WAIT, to tsohon haɗin ne bai gama sallama ba. Jira kaɗan zai wadatar, maganin dindindin kuma shi ne a kunna SO_REUSEADDR, zaɓin da ke ba da damar sake ɗaure ƙofar nan take, da umarnin setsockopt() a cikin rubutun manhajar kafin a kira bind(). Layi biyu ne ko uku. In 3401 ce, a shiga CFGTCP, zaɓi na 4, a ga ko an keɓe ƙofar ga wani asusu dabam.

Ta ƙanen nawa 3421 ce, kuma ita na fi zargi duk lokacin da aka ce mini abin ya faru ne bayan ɗaukewar wuta. Batirin UPS ya ƙare kafin janareta ya kama, inji ya mutu ya sake tashi, manhaja ta yi gaggawar neman adireshinta alhali TCP/IP, sashen sadarwar injin, bai gama kunna shi ba. Ko dai a gyara shirin tayar da inji, wanda saitin QSTRUPPGM ke nuna sunansa, ya riƙa jira yana sake gwadawa, ko a ɗaure soket ɗin da INADDR_ANY, wato kowane adireshin da injin ke da shi, in ba dole sai adireshi guda ba. Abin da ya cancanci saye a nan batir ne.

Idan ba ku da mai iya taɓa RPG ko C, harsunan rubuta manhaja, sai a ɗauko gwani. Masu wannan aikin ba su da yawa, don haka ba za su yi araha ba, kuma wasu daga nesa za su shigo injin. Ni dai ga ma'aunina: wanda ya fara da tambayar lambar kuskure da bayanan aikin da ya faɗi, a ci gaba da magana da shi. Wanda ya fara da "Yallabai, ai injin nan ya tsufa", a ba shi ruwa ya sha a sallame shi. A kuma tabbatar tun farko cewa asalin rubutun manhajar yana hannunku, domin in babu shi ko gwani ba zai iya ƙara waɗancan layukan ba.

Sabunta tsari da biyan kuɗin tallafin IBM magana ce mai kyau, amma don wani dalili dabam. Tallafin yau da kullum na IBM i sigar 7.3 ya ƙare a ƙarshen Satumbar 2023, saboda haka wanda ke kai ya kamata ya yi shirin hawa 7.5 da ya fito a 2022 ko abin da ya biyo bayansa, in injinsa zai ɗauka. Manhajar da ba ta kunna SO_REUSEADDR ba dai za ta bi ku da 3420 ɗinta har sabon gida.

Zaɓin da ya fi jan hankalin masu riƙe da lalitar kamfani shi ne a leƙa kasuwar kayan lantarki ta Banex a haɗo uwar garke ta Linux. Injin ya fi sauƙin kuɗi, masu iya shi kuma sun fi yawa a Abuja, wannan gaskiya ne. Sai dai kuskuren yana can yana jira, lamba kawai ya canza: 98 maimakon 3420, 99 maimakon 3421, ga kuma ƙofofin da ke ƙasa da 1024 da ke bukatar izini na musamman. Sannan akwai tarko. IBM i yana jera lambobi daidai da tsarin da hanyar sadarwa ke bi, shi ya sa tsohuwar manhajar da ta manta da htons(), umarnin da ke juya lamba zuwa wannan tsari, take aiki lafiya shekara da shekaru. A kai ta injin Intel, wanda ke jera su a juye, sai ƙofa 8080 ta juye ta zama 36895 ba tare da wani ƙorafi ba. Ƙara da juya rubutu daga EBCDIC, tsarin haruffan IBM, da kwashe bayanai daga rumbun Db2, za ka ga ainihin kuɗin yana wajen ƙaura.

Haya a gajimare, wato hayar inji ta intanet, irin Power Virtual Server na IBM, tana raba ku da ciwon kan wuta da dizal. Amma biyan yana bin dala, kuma ranar da intanet ɗin ofis ya yanke, masu karɓar oda sai zaman jira. Wanda zai bi wannan hanya ya fara da tanadar layin intanet biyu daga kamfanoni daban-daban, ya sa kuɗinsu cikin lissafi kafin ya kai wa oga takarda.