Gidan Fasaha na Teshima, Inda Ruwa Ne Abin Kallo

Duk wanda ya je gidan fasaha na tsibirin Teshima a Japan da tsammanin ganin zane-zane rataye a bango zai sha mamaki, domin aiki ɗaya tak ke ciki, shi ɗin ma ruwa ne. An buɗe gidan a shekarar 2010. Ryue Nishizawa ne ya tsara ginin, Rei Naito kuma ta ƙirƙiro abin da ake kallo a cikinsa.

Ginin farin kankare ne mai siffar ɗigon ruwa, kwance a gangaren tudu yana fuskantar tekun Seto, kewaye da gonakin shinkafa masu hawa-hawa waɗanda aka farfaɗo da su tare da mutanen tsibirin. Tsawonsa ya kai mita 60, faɗinsa mita 40, kaurin rufinsa santimita 25, amma babu ginshiƙi ko ɗaya da ya tokare shi. Yadda aka gina shi ma abin sha'awa ne: tulin ƙasa aka tara, aka kwarara kankare a kai, da ya bushe aka kwashe ƙasar daga ciki.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne manyan kafofi biyu da aka bari a rufin ba tare da gilashi ba, ta yadda iska da kukan tsuntsaye da ruwan sama duk suke shigowa. Ana cire takalma a ƙofa, a shiga shiru. Daga ƙananan huji a daɓen, ruwa yana tsattsafowa ɗigo-ɗigo, ya gangara a hankali, ya haɗu da ɗan'uwansa, har su taru su zama ɗan kududdufi. Na zauna fiye da awa guda ina bin ɗigo ɗaya bayan ɗaya da ido, ban ƙosa ba. Tunawa da cewa a baya wannan tsibiri ya daɗe yana fama da sharar masana'antu da aka jibge masa ba bisa doka ba ya ƙara wa wurin daraja a idona.

Ana isa tsibirin ta jirgin ruwa daga Uno ko Takamatsu, kuma ya kamata a sayi tikitin shiga gidan ta intanet tun da wuri. Ba a ɗaukar hoto a ciki. Mai zuwa lokacin hunturu ya tanadi rigar sanyi da safa mai kauri, domin sanyin waje shi ne na ciki.