Kwalekwalen Wadata da tsohuwar gadar Makurɗi

Shekara goma sha ɗaya ina zuwa Makurɗi sarin doya da lemo, amma ban taɓa ganin tsohuwar gadar jirgin ƙasa daga ƙarƙashinta ba sai a watan Janairun da ya wuce. Motar kayana ce ta yi latti, na ce bari in sauka bakin kogin Binuwai ta unguwar Wadata in yi shatar kwalekwale.

Wurin ba wata tasha ce ta a zo a gani ba. Turaku ne aka kafa a laka, kowane jirgi da igiyarsa, na masu yashi a gefe guda, na masunta a ɗaya gefen, mata na sharɓar tarwaɗa da karfasa tun kafin a gama sauke taru. Ba kanta, ba tikiti. Ciniki ne da baki, kuma idan aka ga ka zo da farar shadda, kuɗin zai hau. Wani dattijo ya karɓe ni. Na ce, "Baba, gada kawai nake son gani." Ya ce, "Alhaji, cire takalminka tukuna." Da gaskiyarsa, domin laka ta kai min idon sawu.

Abin da ya biya ni kuɗina shi ne lokacin da ya kashe inji muka sulale ƙarƙashin ƙarfen. Kakana ya yi aikin reluwe a Kafanchan, kuma ya sha ba mu labarin cewa kafin a buɗe gadar nan a 1932, taragu a kan jirgin fito ake ɗora su a haye Binuwai da su, sannan su ci gaba zuwa Inugu da Fatakwal. Ina yaro na ɗauka tatsuniya ce. Da na ɗaga kai na ga tsayin ginshiƙan, da ƙusoshin da aka dasa ɗaya bayan ɗaya a jikin ƙarfe, na ga kuma faɗin ruwan, sai na gane wahalar da aka sha. Kamfanin Sir William Arrol na Sikotilan ne ya gina ta, layin dogo da hanyar mota a gada ɗaya. Ta sama, kana cikin mota, ba ka ganin komai sai tsatsa. Baba ya nuna min tabon ruwa a jikin ginshiƙi, ya ce nan ambaliyar 2012 ta kai, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru.

Inda na ga gazawa: babu rigar hana nutsewa ko ɗaya a jirgin. Na tambaya, aka yi dariya. Yaron Baba kuwa tun da muka tashi yake kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka, hankalina bai kwanta ba sai da muka dawo turke. Ga hayaƙin inji, ga ba rumfa.

Shi dai Baba ya san ruwansa. Da rani yashi kan taso tsibiri-tsibiri a tsakiyar kogin, shi kuma ta launin ruwa yake gane inda zai bi, sau ɗaya kawai ya sa gora ya ture mu.

Zan koma, amma da sassafe kuma da rani. A watan Satumba, ruwa ya cika ya yi ja, ko kyauta ba zan shiga ba, balle in ɗauki yara.