Makarantar Aikin Jirgin Ruwa ta Oron: Sharhin Wanda Ya Yi Karatu a Cikinta

Tambayar da ƙanne suka fi turo min daga Zariya da Kano da Gusau ita ce, "Yaya, wace makaranta ce ta fi idan mutum yana son aikin jirgin ruwa?" Ni a Oron na yi karatu, a jihar Akwa Ibom, ɓangaren injin jirgi, kuma har yau a ɗakin inji nake neman abincina. Abin da zan faɗa game da Oron ganau ne ni ba jiyau ba. Sauran makarantun kuwa na san su ne ta bakin abokan aikin da muke karɓa-karɓar gadi da su, wato kula da jirgi bi da bi.

Oron ta cancanci kuɗin da mutum zai kashe da wahalar da zai sha. Amma duk wanda ya shige ta yana zaton ranar da ya karɓi sakamako ranar zai hau jirgi, to ba a yi masa bayanin sana'ar ba. Takardar makaranta ba ita ke ba ka damar tsayawa gadi a jirgi ba. Lasisin ƙwarewa ne ke ba ka, wanda ma'aikata ke ce wa CoC, kuma a Najeriya hukumar kula da sufurin teku, NIMASA, ce ke bayar da shi. Ba za ka zauna jarrabawarsa ba sai ka yi horon kan teku. Don haka kafin ka tambayi kyawun gini ko farin kaki, tambayi abu biyu: shin hukumar ta amince da makarantar, kuma ɗalibanta na bara da bara waccan ta ina suka samu jirgi?

A tambaya ta farko Oron ba ta da matsala. Ta gwamnatin tarayya ce, ta buɗe ƙofa a 1979 a matsayin kwalejin horar da ma'aikatan jirgi, sannan a 1988 aka ɗaga darajarta aka ba ta sunan da take amsawa yanzu. Ta JAMB ake shiga, da kiredit biyar a WAEC ko NECO, cikinsu har da Turanci da lissafi da fiziks. Shekara biyu ne a samu ND, wanda ya so ya dawo ya ƙara biyu ya samu HND. Manyan hanyoyi biyu ne ga mai son hawa jirgi: ɓangaren tuƙi, wanda ƙarshensa kyaftin, da ɓangaren inji, wanda ƙarshensa cif injiniya. Akwai kuma karatun sufuri da kasuwancin teku, amma wannan aikin tudu ne, ofis da tashar jiragen ruwa. Na ga yaron da ya cike shi a fom yana zaton zai tuƙa jirgi, sai da ya zo aka wayar masa da kai.

Rayuwar ciki irin ta bariki ce. Tun duhun asuba ake tashi gudu, sannan fareti, aski ƙwal, takalmi sai ya ɗauki ido, kuma ba ka fita ƙofa sai da izini. Da farko abin yana ci wa mutum rai, musamman idan wanda ya girme ka da aji ɗaya kacal ya tsaya yana ba ka umarni. Sai da na hau jirgi na ga amfaninsa. Idan ƙararrawa ta buga cikin dare a ɗakin inji, ba lokacin gardama ba ne, kuma wanda jikinsa ya saba da tashi a tsaye ba ya ɓata daƙiƙa. Tashin asubar nan mu bai dame mu ba, tunda dama sai mun tashi sallah. Abin da ya fi ba ɗan Arewa wuya shi ne ruwan sama da ba ya jin a daina, da danshin da ke hana wanki bushewa, sai kuma abinci. Garin rogo da miyar afan mai cike da kirefish sai a hankali harshe ke karɓarsu. Ka tafi da yajinka da kulikulinka, za ka gode min.

Darasin da ya fi zauna min shi ne na ceton rai. Yarjejeniyar STCW kan horo da lasisin ma'aikatan jirgi, wadda hukumar kula da sufurin teku ta duniya IMO ta kafa a 1978, aka gyara ta a 1995 sannan a Manila a 2010, ta wajabta wa duk mai aiki a jirgi kwasa-kwasai huɗu: yadda zai tsira a ruwa, kashe gobara, taimakon gaggawa, da kiyaye kai da zama da jama'a. Ranar gwajin ruwa an sa mana rigar ceto, aka ce kowa ya toshe hanci da hannu ɗaya, ya danne rigar da ɗayan don kada ta doke shi a haɓa, ya haɗe ƙafafu, ya dubi gabansa ba ƙasa ba, sannan ya taka iska. Wani abokina ɗan Daura, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, ya tsaya a bakin wurin ƙafafunsa na rawa. Malamin bai yi masa tsawa ba. Ya matso ya ce masa rigar ce za ta yi aikin, shi dai ya riƙe ta. Ya yi bisimilla ya faɗa, ya nutse, ya taso yana tari, idonsa jawur. Bayan an fito aka koya mana yadda ake juya kwale-kwalen roba idan ya kife, mutum ya taka gefen da tulun iskar yake, ya kama igiya ya jingina baya da dukkan nauyinsa. Saboda haka rashin iya iyo kada ya hana kowa nema, amma in da hali a fara koya tun a gida.

Ta fuskar kayan aiki, makarantar ta samu gyara sosai tun daga 2017, lokacin da aka sake mata fasali aka rage yawan ɗaliban da ake ɗauka. An kawo na'urorin kwaikwayo, na ɗakin tuƙi da na ɗakin inji, inda malami zai zauna a bayan kwamfuta ya kashe maka janareta ko ya sa zafin inji ya hau, ya zuba ido ya ga me za ka fara taɓawa. Shawarata ga duk wanda ya shiga, ya maƙale wa ɗakin nan da wakshof. Walda, dabarar kwance famfo da mayar da shi, karanta zanen bututu, su ne abin da sakan injiniya, wato na biyu ga cif, zai gwada ka da su a makon farko, ba ƙa'idojin da ka haddace ba. Malaman da suka fi amfanar da ni su ne tsofaffin ma'aikatan jirgi. Ɗaya daga cikinsu yakan ɗora kan sukuddireba a jikin inji, ya kanga kunne a ƙotar, ya gaya maka ko boris ya fara cinyewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne horon kan teku. A ƙa'idar STCW, mai neman lasisin farko a ɓangaren tuƙi sai ya yi wata 12 a kan jirgi, shida daga ciki yana gadi a ɗakin tuƙi ƙarƙashin ƙwararren jami'i. Na ɓangaren inji shi ma wata 12 ne idan an haɗa wakshof da teku, kuma aƙalla shida sai a kan ruwa. Akwai littafin horo da ake cikewa, aiki bayan aiki, jami'in jirgi yana sa hannu. Babu wannan littafi, babu jarrabawa. A da can, kadet, wato ɗalibi mai koyon aikin jirgi, daga Oron yana da inda zai nufa, domin ƙasar tana da kamfanin jiragenta, NNSL. An rushe shi a 1995, kuma tun daga nan gurbin kadet ya zama abin nema ido rufe. Dokar 2003 da ta keɓe jigilar cikin ruwan Najeriya ga jiragen 'yan ƙasa ta taimaka, amma jiragen ba su kai yawan yaran da ake yayewa ba. Masu sa'a da ƙoƙari kan samu shiga jiragen iskar gas na Boni, ko tankokin mai, ko jiragen da ke kai kaya rijiyoyin mai daga tashoshin Onne da Warri. Sauran sai jira, wani har ya haƙura ya kama wata sana'a. Wannan yana ci min tuwo a ƙwarya, domin na san yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka ƙare haka.

Ni ma na ɗanɗani jiran nan a Legas, ina yawo da fayil daga ofis zuwa ofis a Apapa. A nan na haɗu da wani dillali da ya ce in kawo kuɗi mai kauri zai sa ni a jirgi cikin mako. Ban ba shi ba, kuma kada kowa ya bayar. Yarjejeniyar haƙƙin ma'aikatan teku ta 2006 ta hana a karɓi kuɗi a hannun ma'aikaci don a sama masa aiki. Abin da ke kansa shi ne kuɗin fasfo, da littafin ma'aikacin jirgi, da takardar likita. A ƙarshe wani tsohon ɗalibin Oron da ke sakan injiniya a wata ƙaramar tankar mai ne ya miƙa takarduna. Wannan ma wani amfanin makarantar ne da ba a rubuta shi a fom: duk tashar da ka shiga a ƙasar nan sai ka tarar da wanda ya sa kakin da ka sa, kuma sunan yana buɗe ƙofa.

Makarantun kuɗi da ke tallata kansu a Facebook da hoton yara cikin farin kaya, a yi hattara da su. Akwai na kirki, amma ɗan maƙwabcinmu ya ƙare shekara biyu a wata, mahaifinsa ya sayar da fili, sai da ya zo neman lasisi aka ce ba a san da zamanta ba. NIMASA tana fitar da sunayen wuraren horon da ta amince da su. A duba kafin a biya ko sisi.

Wanda iyayensa ke da hali yana iya duba waje. Jami'ar teku da ke Nungua a Akara, wadda ta faro a 1958 ta zama jami'a a 2007, ƙasashe biyar ne suka haɗu a kanta: Gana, Kamaru, Gambiya, Laberiya da Saliyo. Abokan aikina da suka fito daga can hannunsu ya faɗa, kuma Bahaushe ba ya baƙunta a Akara, ga Nima ga Mamobi. Sai dai baƙo da dala yake biya. Akwai kuma makarantar ƙasashen Larabawa da ke Iskandariya a Masar, wadda aka kafa a 1972. A gida an buɗe jami'ar teku a Okerenkoko ta jihar Delta. Shirin horar da ma'aikatan jirgi na NSDP da NIMASA ta fara a 2008 ya kai yara ƙasashe irin su Indiya da Filifin da Masar, kuma yana da kyau matasanmu su riƙa bibiyarsa ta ma'aikatun jihohinsu, domin sau da yawa labarin ba ya isa Arewa sai an rufe. Ko a can ɗin, tambayar jirgi tana nan daram. A kuma tambayi irin lasisin da hanyar za ta kai mutum: akwai wanda ya taƙaita ga ruwan kusa da gaɓa, NCV, akwai marar iyaka wanda ake shiga ko'ina da shi, kuma bambancin albashinsu ba kaɗan ba ne.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye: kafin a sayi fom, a kai yaro asibiti a gwada idonsa, musamman rarrabe launi. Da daddare fitilar ja ce a hagun jirgi, kore a dama, kuma da su ake gane inda wani jirgi ya dosa. Wanda ba ya bambance su ba zai samu takardar likita ta ɓangaren tuƙi ba, komai ƙoƙarinsa a aji. Gwajin ba ya cin minti goma, littafi ne mai ɗige-ɗige masu launi da lambobi a ciki. Ga wanda ke ruwa biyu tsakanin tuƙi da inji, ni inji nake zaɓa masa. Zafi ne da ƙara da baƙin mai har ƙarƙashin farce, awa huɗu kana gadi awa takwas kana hutu, amma ranar da ka gaji da nisa da iyali, ko teku ta ƙi ka, hannunka yana da kasuwa a tashar lantarki da masana'anta. Takardun ceton rai da na gobara duk shekara biyar ake sabunta su. Nawa sun kusa cika, kuma idan na sauka hutu Oron zan koma in yi.