Hattara da manhajojin rance masu cewa "ba jingina"

Jama'a, duk manhajar da ta ce za ta ba ku rance nan take, ba jingina ba mai tsaya muku, ku duba abin da take nema kafin ta sako kuɗin. Jinginar tana nan, lambobin da ke cikin wayarku ne.

Kana sauke ta za ta nemi hoton katin shaidarka da na fuskarka, sannan ta jero neman izini: lambobin waya, saƙonni, hotuna, tarihin kira, har inda kake. Wanda ke cikin matsi ba ya tsayawa karatu, dannawa kawai yake yi. Nan take an kwashe komai zuwa rumbunsu, ko da a ƙarshe ba a ba ka rancen ba. In kuwa an bayar, za a zaftare wani kaso da sunan kuɗin aiki, wa'adin wata uku da aka tallata ya koma 'yan kwanaki. Ka makara kaɗan, sai saƙo ya isa ga mahaifiyarka da surukinka da maigidanka a wurin aiki, ga hotonka an rubuta "ɓarawo" a ƙasa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bayin Allahn nan ba su ci bashin kowa ba, ba wanda ya nemi yardarsu, amma sunayensu da lambobinsu na hannun 'yan damfara.

Kada ganin manhaja a Play Store ya ruɗe ku. A Disambar 2023 kamfanin tsaron intanet na ESET ya bankaɗo irinsu 18, waɗanda aka sauke fiye da sau miliyan 12. Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ya haramta wa manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan masu amfani da su, kuma bai yarda da rancen da za a biya duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka ba. Don haka wadda ta nemi waɗannan, ko ta turo muku mahaɗi ta WhatsApp ku sauke ta a gefe, ta tona asirin kanta.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu ya sani goge manhajar ba ya dawo da abin da aka kwasa. Ya fara ɗaukar hoton duk wata barazana ya adana, ya janye izinin a saitin waya, ya riga su sanar da 'yan uwansa, domin da kunya suke cin kasuwarsu. Sannan ya rubuta musu buƙatar share bayanansa. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta ba da wannan haƙƙi, ƙasashe da dama kuma sun bi sahu har da kafa hukumomin kare bayanai. Su ƙi, ya kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasarsa da wurin 'yan sanda, ya kuma kai rahoton manhajar ga Google.